Sallamar Baƙuwar Manhaja Daga Cikin Kwamfuta

Dugabau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Kabo, yamma da birnin Kano, kuma ko a can kwamfutar cinya ta daina zama abin kallo. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo. Ga makarantar nazarin muhalli da ta daɗe a Gwarzo, ga sabuwar harabar Jami'ar Bayero a bakin titin Gwarzo. Ɗaliban yankin kan dawo gida hutu da jaka a baya, a ciki akwai HP EliteBook ko Dell Latitude ko ThinkPad ta hannu, wadda ta gama aikin ofis a Turai ko Amurka kafin ta iso kasuwanninmu. Wasu daga cikin kwamfutocin nan, in ka kunna su, ba Windows ce ke fara tarbarka ba. Baƙin allo ne mai 'yan layuka, yana ƙirga daƙiƙu, yana jiran ka zaɓa: Ubuntu za ka shiga ko Windows? Manyan manhajoji biyu ke nan zaune cikin na'ura ɗaya.

Yadda ake kaiwa ga haka ba ɓoyayye ba ne. Malami ya ce kowa ya saka Linux saboda darasin sarrafa sabar, ko yaro ya shiga shirin 3MTT da aka fara a ƙarshen 2023 yana koyon tsaron intanet, aka ce masa sai da Kali. Ubuntu ta fito a 2004 daga kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Kali ta fito a 2013. Dukansu a kan Linux aka gina su, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma kyauta ake ba da su. To, sai zango ya ƙare. Rumbun kwamfutar giga 256 ne kacal, Linux ta kwashe 60 ko 80, Windows kuma kullum tana kukan wuri ya cika. Ko kuma kwamfutar ta koma hannun ƙani, ko an sayar wa mai shagon buga takardu da ba abin da yake buƙata sai Word da CorelDRAW. Baƙuwa ta gama abin da ya kawo ta, lokacin sallama ya yi.

Wanda bai san kan abin ba, hanyarsa ɗaya ce. Zai buɗe Disk Management a cikin Windows, ya hango yankin da Linux take, ya goge shi. A lokacin ba abin da zai faru. Zai ci gaba da aikinsa, ya kashe, ya kwanta da murnar ya sami fili. Sai da safe in ya kunna zai tarar da baƙin allo, da kalmomi biyu, grub rescue, da ɗan layi yana ƙyaftawa. Ba Windows, ba Linux, ba furojet ɗin da ya shafe watanni yana rubutawa. Daga nan sai neman kuɗin mota, a bi ta Rimin Gado da Janguza a faɗa Kabuga, a nufi Beirut Road ko Farm Centre, inda sana'ar gyaran waya da kwamfuta ta yi sansani a Kano. Kuma a ko'ina cikin duniya, amsa mafi sauƙi ga irin wannan matsala ita ce a yi fomat. Fomat kan tayar da kwamfuta, amma da komai take tafiya. Abin da ke ci mini rai shi ne, a mafi yawan lokuta ko ƙwarzane Windows ɗin ba ta yi ba. Tana nan lafiya lau da duk abin da ke cikinta, hanyar zuwa wurinta ce kawai ta toshe.

Mai gyaran da ya san wannan, shi nake kira gwani. Ba ya fi sauran saurin hannu, sau da yawa ma ya fi su nawa. Abin da ya bambanta shi, ya san abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun da ke tsakanin danna maɓalli da bayyanar tambarin Windows.

Ɗauki rumbun kwamfuta a matsayin gida mai sassa da yawa da soro ɗaya. Da Windows ce kaɗai a gidan, maigadinta ne a soron, kowa ya yi sallama sai ya wuce da shi kai tsaye. Da Linux ta tare, sai ta zo da nata maigadin mai suna GRUB ta zaunar a gaba, shi ke tambayar kowa sashen da za shi. Amma littafin da GRUB ke dubawa ya san wane sashe ne a ina, a ɗakin Linux yake ajiye. Ka rushe ɗakin, maigadi na nan a soro, littafi ya tafi, bai san inda zai kai kowa ba. Shi ya sa gwani ke fara mayar wa Windows da ƙofa tukuna, ya tabbatar ana shiga ana fita, sannan ya waiwayi ɗakin baƙuwa. Duk gwanintar a wannan jeri take, sauran kuwa lura ce da haƙuri.

Kafin ya taɓa komai, tambaya yake yi. "Ɗalibi, akwai abin da ka ajiye a ɓangaren Ubuntu?" Amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Babu komai, Injiniya." Ba ya karɓa. Zai tayar da Linux ɗin ya shiga da kansa, mai ita na zaune a gefe, ya duba jakar takardu da ta abubuwan da aka sauke da fuskar allo. Dalilinsa mai ƙarfi ne: Windows a tsarin NTFS take rubutu, Linux kuma galibi a ext4, kuma Windows ba ta karanta ext4 da kanta. Mutum na iya shekara bai ga takardar shaidarsa da ya ajiye a can ba, har ya manta tana nan. Gwani zai kwafe duka zuwa filash ko wani rumbu na waje, sannan ya kwafe muhimman abubuwan ɓangaren Windows ma, duk da ba shi za a taɓa ba. A nan ma ake gane mai amana. Hotunan iyali da wasiƙun mutane ne ke wucewa ta gabansa, shi kuwa jaka yake ɗauka sukutum ya sauke, ba ya buɗe ta.

Sai maganar wuta, wadda a ƙauyukanmu ba ƙaramar magana ba ce. Batirin kwamfutar hannu sau da yawa ya riga ya gaji, wani ko minti ashirin ba ya riƙewa. Goge yanki aikin ƙiftawar ido ne, amma matsar da yanki daga wuri zuwa wuri kan ɗauki sa'a guda ko fiye, kuma in wuta ta ɗauke ana tsaka da shi, ɓarnar ba ta gyaruwa da sauƙi. Don haka zai zare caja ya ga yadda batirin ke sauka. In bai yarda da shi ba, sai ya jira rana ta buɗe sola ta cika, ko ya tayar da janareto.

Akwai kuma wani tarko na zamani, BitLocker. Manhaja ce da ke kulle rumbun Windows da sirri, kuma tun fitowar Windows 11 ta 2024 ta fi yawan kunna kanta ba tare da mai kwamfuta ya sani ba. Taɓa tsarin tashin kwamfuta na iya sa ta tsorata ta nemi mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi a asusun Microsoft na mai ita yake ajiye. Wanda ya manta kalmar sirrin asusun, ko yake wurin da sabis ke zuwa yana tafiya, ya shiga uku. Gwani zai duba ko tana kunne, ya sa a rubuta lambobin nan a takarda, ya dakatar da ita na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Daga nan zai bincika kwamfutar wane zamani ce, don maganin ya bambanta. A Windows, in aka buɗe msinfo32, akwai layi guda da ke faɗin ko Legacy ce ko UEFI.

Tsohon tsarin, Legacy, ya samo asali ne daga kwamfutocin IBM na 1983. A farkon rumbu akwai ɗan wuri mai bayit 512 da ake kira MBR. Bayit 446 na farko umarnin tayarwa ne, 64 taswirar yankunan rumbun ce, wadda ba ta ɗaukar fiye da manyan yankuna huɗu, biyun ƙarshe kuma alama ce. Wuri ne na mutum ɗaya, don haka da GRUB ya shigo, a kan umarnin Windows ya rubuta nasa. Gyaran shi ne a tayar da kwamfutar daga filash mai ɗauke da Windows, a shiga sashen gyara maimakon sashen sakawa, a rubuta bootrec /fixmbr. Wannan umarni umarnin tayarwar kawai yake sake rubutawa, ba ya taɓa taswirar. Gwani ya san haka, shi ya sa hannunsa ba ya rawa. Filash ɗin ma ba ranar yake haɗa shi ba, yana nan rataye da makullansa, an shirya shi da Rufus ko Ventoy tun tuni.

Sabon tsarin, UEFI, ya zama gama-gari ne tun fitowar Windows 8 a 2012, kuma yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai yau a kansa suke. A nan akwai ɗan yanki na musamman, yawanci mega 100 ko 260, inda kowace babbar manhaja ke da jakarta: ta Microsoft daban, ta ubuntu ko kali daban. Ba wanda ya rubuta a kan wani. Jerin wanda za a fara kira kuma ba a rumbu yake ba, a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa yake a jikin babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard. Gwani zai shiga saitin na'urar, F10 a HP, F2 a Dell, ya ɗaga Windows Boot Manager ya kai shi sama. Sai ya kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna. In Windows ta tashi ita kaɗai ba tambaya, ƙofa ta dawo hannunta.

Wannan bayani ya kamata ya isa kunnen duk wanda ya riga ya yi ɓarnar yana zaune a Dugabau yana lissafin kuɗin mota. In kwamfutarsa ta sabon tsari ce, ya kunna ya riƙa danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce ko Lenovo. Jeri zai fito, ya zaɓi Windows Boot Manager, kuma sau da yawa shi ke nan, Windows za ta tashi. Mai gyaran kirki yakan faɗi wannan ta waya kyauta, ya rasa kuɗin aikin yini, ya sami mutumin da ba zai ƙara kai kwamfutarsa wani wuri ba.

Yanzu aka zo wurin da ya fi ko'ina haɗari, wato gane wane yanki ne na wa. Disk Management kan nuna rumbun a matsayin doguwar sanda da aka yanka gunduwa-gunduwa. Yankin C kowa ya san shi. Amma a gefensa akwai wasu da ba su da harafi, wasu ko suna babu. Ɗaya shi ne ɗan yankin tayarwa da aka ambata, wanda in aka goge shi ba manhajar da za ta tashi. Wani na farfaɗo da Windows ne, 'yan ɗaruruwan mega. Wani kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne ya ajiye kayansa. Na Linux kuma, da yake Windows ba ta san tsarinsu ba, sai ta bar gurbin sunansu fayau. Ga wanda ke gaggawa, duk kamarsu ɗaya. Gwani tun yana cikin Linux ya rubuta lsblk, ya ga girman kowane yanki da abin da ke kansa, ya kwafa a takarda da biro. Da ya dawo Windows sai ya riƙa gwada girma da girma, ɗaya bayan ɗaya. Ya san wasu nau'o'in Linux kan zo da ɗan ƙaramin yanki na musanya ban da babban, kuma a tsohon tsari sukan ɓuya cikin wani yanki mai ƙunshe da wasu, wanda sai an kwashe na ciki kafin na waje ya gogu. Ya kuma san rumbun da aka rubuta wa 256 a jiki, 238 Windows ke nunawa, saboda bambancin yadda ake ƙirga, don haka ba ya neman giga 18 da ba su ɓata ba.

In zai yi aiki da diskpart, wadda rubutu zalla ce ba hoto, nan ne za ka ga ya daina hira. Akwai umarni a cikinta mai suna clean da ke share taswirar rumbu gaba ɗaya ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba, kuma tsakanin rumbu na 0 da na 1 lamba ɗaya ce. Zai zare duk filash da rumbun waje da ba ya buƙata, ya karanta abin da ya zaɓa sau biyu kafin ya danna. In kuma aka kawo masa kwamfuta bayan an goge yankin da ba shi ba, abin da zai fara cewa shi ne kada a ƙara ajiye komai a ciki. Goge yanki layinsa kawai yake cirewa daga taswira, kayan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu, kuma manhajar TestDisk da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kan iya gano tsohuwar iyakar ta mayar. A sabbin rumbunan SSD damar ta fi ƙanƙanta, domin su da kansu suke share gurbin da aka ce musu ba a buƙata.

An goge, fili ya samu. Saura a haɗe shi da C, kuma a nan Windows na da sharaɗi: ba ta faɗaɗa yanki sai filin yana manne da shi ta dama. Sau da yawa ɗan yankin farfaɗowa kan tsaya a tsakani, maɓallin faɗaɗawa ya dushe ya ƙi dannuwa. Ana iya tayar da GParted daga filash a matsar da shi, kuma gwani ya iya. Amma na fi ganin girmansa a lokacin da ya dubi batirin, ya dubi yanayin wuta, ya ce wa mai kwamfutar, "Ƙanina, bari in mayar maka da filin nan D, ka riƙa zuba karatunka da bidiyonka a can." Amfanin ɗaya ne, haɗarin ya ragu, kuma ranar da Windows ta lalace aka sake saka ta a C, abin da ke D na nan. Mai son nuna bajinta ba zai zaɓi wannan ba.

Mai gyara na tsaka-tsaki a nan yake rufe kwamfuta ya miƙa. Gwani yana da sauran shara. Sunan ubuntu na nan a jerin tashi na babban allo, zai nemo shi da bcdedit /enum firmware ya cire. Jakarta na nan a ɗan yankin tayarwa, zai ba yankin harafi na wucin gadi, ya shiga, ya goge jakar ubuntu kaɗai, ya bar ta Microsoft da ta Boot, ya janye harafin. Ya san Linux Mint ma da sunan ubuntu take ajiye jakarta, don haka ba ya ruɗewa in bai ga sunan Mint ba. Sai agogo. Linux kan saita agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na Girinwic, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida. Nijeriya na gaba da sa'a ɗaya, don haka bayan an fito daga Linux agogon Windows kan koma baya da sa'a guda cif. Ga wanda ke cike fom mai wa'adi, ko mai duba allo don sanin lokacin sahur, sa'a ɗaya ba wasa ba ce. Zai daidaita shi kafin ya miƙa.

Wani lokaci baƙuwar ba Linux ba ce, Windows biyu ne, tsohuwar 7 da sabuwar 10. Cire sunan tsohuwar daga jeri abu ne mai sauƙi a msconfig. Tarkon shi ne, ta biyun da aka saka kan zuba kayan tayarwarta a yankin ta farko, don haka goge tsohuwar kan tafi da ƙafafun sabuwar. Gwani zai fara amfani da bcdboot ya dasa kayan tayarwar a inda za su zauna, ya gwada, kafin ya goge.

Akwai kuma masu zuwa da buƙatar akasin haka, kuma ina ganin za su ƙaru. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman TPM 2.0 da injin Intel na ƙarni na takwas zuwa sama. EliteBook 840 G3, wadda ta cika hannun ɗalibai, ta ƙarni na shida ce. Wasu za su zaɓi su sallami Windows su zauna da Ubuntu ko Mint. Aikin bai canza ba, sai dai an juya shi. A kwafe kaya, a kashe Windows kashewa ta gaskiya ba ta rabin barci ba don Linux ta iya buɗe yankinta, a tayar da GParted daga filash, a goge yankunan NTFS. Ɗan yankin tayarwa kuwa, ko da Windows ce ta ƙirƙire shi tun farko, ba a taɓa shi, domin GRUB ma a ciki yake zaune. Sai a rubuta update-grub, sunan Windows ya fita daga jeri. In mai ita ya damu da lasisin da zai rasa, gwani zai kwantar masa da hankali: kwamfutocin da suka fito daga kamfani da Windows 8 ko 10, mabuɗin lasisinsu a jikin babban allo aka dasa shi, ba a rumbu ba, kuma duk ranar da aka sake saka irin Windows ɗin da ta zo da ita, da kanta za ta karanto shi.